Wasiƙar da Na Ajiye a Ƙasan Kwalla

Yarinyar da na riƙa 'yar jarida ce yanzu. A Kano take zaune da mijinta da 'ya'yanta uku. Tana rubutu a wata jaridar Hausa da ke fitowa mako-mako, yawanci a kan littattafai: wa ya fitar da sabo, wa ya ci gasa, wa aka ba kyauta alhali akwai wanda ya fi shi. In ta tara jaridun kamar huɗu sai ta ba wani direba da ke zuwa Daura ya kawo mini. Da hantsi nake karantawa, bayan na gama abin da zan yi, yatsana a kan layi. Ba duka nake ganewa ba, amma ina kaiwa ƙarshe.

Ba ni na haife ta ba. 'Yar ƙanwata ce. Ƙanwata ta yi boko, ni ban yi ba, har ta sami aikin buga takardu a ofishin wata makarantar sakandare a nan cikin gari. A zamanin ana kawo Indiyawa su koyar da lissafi da kimiyya. Ɗaya daga cikinsu ya ce yana sonta. Musulmi ne, mai sanyin hali, ya iya gaisuwa da Hausa da cinikin tumatir, bai wuce nan ba. Babanmu ya yi wata shida yana cewa a'a, daga baya limamin unguwa ya sa baki, aka ɗaura aure. Shekara ta zagayo ta haihu, aka yi suna, ba ta kai arba'in ba Allah ya yi mata rasuwa.

Ni a lokacin shekarata shida a gidan miji, ko ɓari ban taɓa yi ba. Ranar sadakar uku innarmu ta ɗauko jaririyar ta sa mini a cinya, ta ce, "Ga riƙo nan." Ba a ƙara wata magana ba. Da nonon saniya da cokali na raine ta. A wurinmu ɗan fari ake yi wa kunya, ba a kiran sunansa, ɗan riƙo kuwa ba a yi masa haka. Ni dai na wayi gari sunanta ya ƙi fita daga bakina. Har yau "ke" nake ce mata, in kuma ba ta nan in ce "yarinyar nan".

Uban yana zuwa kullum bayan la'asar a kan kekensa. Ya zauna a zaure, a kai masa ita, ya riƙe ta har sai ta yi kuka, sannan ya miƙo. Tana fara koyon tafiya wa'adin aikinsa ya cika, aka ce zai koma ƙasarsu. Ya nemi a ba shi 'yarsa. Babanmu ya kira malamai biyu, suka zauna, suka gaya masa cewa yarinyar da uwarta ta rasu a hannun dangin uwa take zama har ta girma. Bai yi gardama ba. Ya yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tafi.

Bayan kamar wata biyar masinjan makarantar ya yi sallama a ƙofar gida. Maigidana ya tafi Zango da dabbobi, don fataucin shanu ne sana'arsa, saboda haka ni na leƙa. Masinjan ya miƙo mini wata shuɗiyar takarda mara nauyi, da kan sarki irin wanda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Daga Indiya ce. Shugaban makaranta ya ce a kawo gidan nan."

Na shiga ɗaki na zauna da ita a hannu. Abu ɗaya na sa a raina: cewa ya yi a kai masa 'yarsa, ko kuma ga shi nan zuwa da takardar hukuma. Maigida Larabci da ajami ya iya, ba zai karanta ta ba, amma in ya gan ta dole ya kai a karanta masa. Shi kuma mutum ne da ba ya kwana da haƙƙin wani. In takardar ta ce a kai ta, zai iya ɗaukar ta da kansa ya kai Kano ya sa a jirgi. Akwai mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, sai dai abin da ya karanta da safe, kafin azahar masu ɗiban ruwa a Kusugu sun ji. Na ce a raina ba wanda zai san abin da ke ciki kafin ni. Na naɗe ta a tsohon ɗankwali, na sauke jeren kwallayena, na sa ta a cikin ta ƙasa, na mayar da sauran a kai.

Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren unguwarmu, na ce wa maigida ina so in shiga.

Ya ce, "Da girmanki?"

Na ce, "Ina so in riƙa karanta katin asibitin yarinyar nan."

Ya ce, "To, kada dai a bar mu da yunwa."

Sau uku a mako muke zuwa, bayan 'yan makaranta sun tashi. Mu zauna a kan bencinsu, gwiwoyinmu na taɓa teburi. Ina zuwa da ita a goye, daga baya ta riƙa tafiya da ƙafarta tana riƙe da bakin zanena. Mata da yawa sun fara sun bari. Ni ban taɓa fashi ba, har malamar ta riƙa ba da misali da ni. Shekara biyu na yi. Ranar da na karanta shafi guda na wani ɗan littafin tsabta ba tare da na tsaya ba, na dawo gida, na jira yarinyar ta fita wasa, na sauke kwallayen. Na sa reza na yanka bakin takardar a hankali.

Baƙaƙen duk na san su. Na haɗa na farko da na biyu kamar yadda aka koya mana, na faɗa a fili, bai ba da komai ba. Na gwada layi na biyu, haka. Ni a zatona boko ɗaya ne, wanda ya iya baƙaƙe ya iya kowace takarda. A shekara biyun nan ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa mutumin da bai iya Hausa ba ba zai yi rubutu da Hausa ba. Da Turanci ya rubuta. Abin da na iya tsinta shi ne sunan yarinyar a wuri huɗu, sai Daura a wuri ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Malamarmu ta iya Turanci, amma matar ƙanen maigidana ce. Na naɗe takardar na mayar.

Daga nan sai na shiga ɗaga rana. Na ce in yarinyar ta gama firamare ta iya Turanci sai in ba ta. Ta gama, na ga ta yi ƙanƙanta. Ba a ɓoye mata asalinta ba, ba ma zai ɓoyu ba. Gashinta ba ya riƙe kitso, kwana biyu ya warware. Yara a Islamiyya suna ce mata 'yar Indiya, su bi ta da waƙar fim. Tana shekara tara innarmu ta gaya mata komai, suna zaune suna ɓarar gyaɗa, yarinyar ta dawo gida ta ci tuwonta.

Sau ɗaya ta tambaye ni. Ta dawo hutu daga makarantar kwana, tana kamar shekara goma sha huɗu, ina yi mata kitso, kanta a kan cinyata. Ta ce, "Inna, shi bai taɓa aiko da ko wasiƙa ba?"

Na ce, "A'a."

Kwallayen suna gabanmu. Na ci gaba da kitson. Bayan wannan ranar ba da takardar ya zama abu biyu, takardar da kuma a'ar da na faɗa. Na ce to in ta yi aure. Ranar ɗaurin auren aka kira sunan ubanta a gaban jama'a kamar yadda addini ya ce, ina cikin gida aka zo aka gaya mini. Ban ba ta ba. Na ce in ta haihu. Maigida ya rasu bai san da takardar ba, innarmu da babanmu ma haka. Wani lokaci sai in yi shekara ban tuna da ita ba.

Bara da damina direban ya kawo jaridu kamar kullum. A ta uku rubutunta ya cika shafi biyu. Ta fara da labarin wata marubuciya da ta ci babbar kyauta a ƙasar waje. An haife ta a Indiya, aka ajiye ta a gidan marayu, wasu Turawa suka ɗauke ta suka raine ta da sunansu. Da ta girma ta koma neman inda ta fito, ba ta sami kowa ba sai takarda ɗaya a cikin wani tsohon kundi. A kan wannan ta rubuta littafin da ya ci kyautar. Yarinyar nan ta kwatanta irin ɗaukar da ake yi a can da riƙo irin namu, inda yaro ke zama da sunan ubansa kuma kowa ya san ɗan wane ne. Sai a rabin shafi na biyu ta juyo kan kanta. Ta ce ita ma jinin Indiya ce. Ta ce waccan matar ta fi ta sa'a, don ta sami takarda, ita kuwa ubanta ya tafi bai waiwayo ba, ko layi ɗaya bai aiko ba. Ta ce ta tambayi Innarta, Innarta ta gaya mata gaskiya, don mace ce da ba ta taɓa ɓoye mata komai ba. A ƙarshe ta ce ta yafe masa.

Kwana biyu na yi kafin in gama karantawa. Na koma kan wannan wurin sau uku, ko na yi kuskuren haɗa baƙi. Ban yi ba.

Bayan wata biyu ta kira ni a waya.

"Inna, wai kin karanta wancan dogon kuwa?"

"Na karanta."

"Shi ke nan? Ko 'ya yi kyau' babu?"

"Ya yi tsawo."

Ta yi dariya. Ta ce akwai gasar da ake yi wa rubutun 'yan jarida, an zaɓi nata cikin uku na ƙarshe. Nan da mako uku za a yi taro a Kano, kowa zai tashi ya karanta nasa a gaban jama'a, sannan a faɗi wanda ya ci.

"A layin gaba za ki zauna. Kada ki ce mini ƙafa."

"Ƙafar kuwa tana ciwo."

"A mota za ki, Hajiya, ba a ƙafa ba. Ran Asabar ina zuwa da atamfa mu kai wa tela."

Ta zo ran Asabar da safe ita kaɗai. Na dama kunu, na aika aka sayo ƙosai. Ta baje atamfar a kan gado tana gaya mini irin ɗinkin da za a yi, ina cewa ban son hannu mai faɗi. Da ta gama ci na ce ta sauke mini kwallayen nan.

"Kai Inna! Waɗannan kwanukan dai. Ki bari in kai su gidan tarihi, ko a ba mu lambar yabo."

"Sauke dai. A hankali, murfin ta uku ya fashe."

Ta sauke su ɗaya bayan ɗaya tana mita. Da ta kai ta ƙasa na ce ta buɗe. Ta ɗauko ɗankwalin, ta warware, ta ga shuɗiyar takardar. Ta juya bayan takardar ta dubi kan sarkin. A tsaye ta fara karantawa, sai ta zauna a bakin gado a kan atamfar. Ta kai ƙarshe ta sake farawa.

"Yaushe ta zo?"

"Kina shekara ɗaya da rabi."

"Wa ya karanta miki?"

"Ba kowa."

"Ba kowa kamar yaya? Ai a buɗe take."

"Ni na buɗe. Saboda ita na shiga yaƙi da jahilci. Da na iya sai na tarar da Turanci ce."

Ta dube ni, ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta daɗi ba. "Wato shekara arba'in ba ki san abin da ke ciki ba."

"Ban sani ba. Me ya ce?"

Ta fara mayar mini da Hausa, layi bayan layi, da murya kamar mai karanta labarai. Ni ya rubuta wa, ya kira ni yayar matarsa. Ya ce ya isa gida lafiya. Ya ce ya yi fushi da hukuncin babanmu a hanya, amma da ya tuna yadda yarinyar ke yin shiru in ta dawo hannuna, ya san an yi daidai. Ba zai raba ta da ni ba. Abu ɗaya yake roƙo, a riƙa aika masa hotonta sau ɗaya a shekara, kuma in ta iya rubutu a bar ta ta rubuta masa. Ya sa adireshinsa. A ƙarshe ya ce in bai sami amsa ba zai gane cewa dangi sun fi son ya yi shiru, kuma ba zai ƙara damun mu ba.

Na ce, "Bai ce a kai ki ba?"

"Bai ce ba."

Na zauna ina kallon kaji ta ƙofar ɗaki. Akwai mai ɗaukar hoto a bakin kasuwa tun a wancan lokacin. Kowace sallah muna kai ta.

Ta ce, "Na rubuta a jarida cewa ya manta da ni. Na rubuta cewa na yafe masa. Mutane sun yi ta kirana suna kuka, Inna."

"Na gani."

"Da ban rubuta ba fa?"

"Ban sani ba. Wataƙila sai kin zo rabon kwanuka bayan raina."

"To me ya sa yanzu?"

"Ban so ki tsaya gaban jama'a ki faɗi ƙaryata da bakinki ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta mayar mini da kwallayen inda suke, ɗaya bayan ɗaya, ta sa takardar a jakarta. Ta ce, "Sai an jima, Inna." Kafin azahar ta kama hanyar Kano.

Ranar taron ta zo ta wuce, ba a turo mota ba. Mijinta ne ya kira ni bayan kwana biyu ya gaishe ni, ya ce ta janye rubutun daga gasar. Masu shirya taron sun ce ta gyara wurin kawai ta karanta, ta ce abin da aka zaɓa ba shi ne gaskiya ba. Wani ɗan jarida daga cikin sauran biyun ya ci. Na ce Allah ya sa haka shi ne alheri. Ya ce amin, ya ce in ƙara haƙuri, tana cin abinci, tana zuwa aiki.

Direban ya kawo jaridu a lokacin da ya saba. A ƙarƙashin rubutunta na wani mako akwai layi uku. Ta ce abin da ta rubuta a kan mahaifinta ba daidai ba ne, ya aiko da wasiƙa, wasiƙar ce ta makara kafin ta iso hannunta. Ba ta faɗi a hannun wa ta makara ba.

Mako bakwai ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba, don ban san me zan ce bayan gaisuwa ba. Wata Alhamis ina tsince wake na ji tsayuwar mota. Ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta sha ruwa. Sannan ta fito da farar takarda da biro da ambulan cike da hotuna, nata tun na goyo, da na aurenta, da na 'ya'yanta.

Ta ce ta bincika. Garin yana nan, an sauya wa titin suna, wani da ta samu ta waya ya ce yana jin akwai masu irin wannan sunan a unguwar. Ko yana da rai, ba wanda ya tabbatar mata.

"Na rubuta tawa. Amma ba ni ya rubuta wa ba. Ke ya rubuta wa."

"Ni rubutuna kamar tafiyar kaza yake."

"Haka zai gan shi. Ki bar layi ɗaya a ƙarƙashin kowane layi, ni zan sa Turancin."

Na wanke hannu na zauna. Daga hantsi har la'asar na yi, da tashi salla a tsakani. Na gaishe shi, na yi masa gaisuwar matarsa kamar jiya ta rasu. Na gaya masa wasiƙarsa ta zo a kan lokaci. Na gaya masa yarinyar ta yi tafiya, ta yi karatu, ta yi aure da sunansa, tana da 'ya'ya uku. Tana zaune a gefena tana tsince waken da na bari, ba ta leƙa ba sai da na miƙa mata. Ta karɓi biron ta fara cike layukan. A wuri ɗaya ta tsaya.

"Inna, nan da kika ce ba babanki ba ne, ba mijinki ba ne, ke kaɗai kika ɓoye don kina tsoro. In sa shi yadda kika faɗa?"

"Sa shi."

Ta sa. Ta kwana biyu, ran Asabar ta tafi da ambulan ɗin ta aika daga Kano.

Wata huɗu ke nan, amsa ba ta zo ba. Tana kirana kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta tambayi ƙafata, ta ba yara su gaishe ni. Wani lokaci in sun gama sai ɗayarmu ta ce to, mu yi sallama. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaye ta ba. Juma'ar da ta wuce ta ce in an yi hutun makaranta za ta turo mini 'yarta ta tsakiya ta zauna a wurina, wai ta fiye rashin ji.